Sunan Baba Yohanna a Layi na Ɗaya

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da na ja jan layi a ƙarƙashin sunan mutumin da ya rasu tun ranar Asabar ba. Ban san ya rasu ba a lokacin, wannan ina so a fahimta tun farko. Kun roƙe ni in faɗa muku yadda zaman ritaya yake, tunda wasunku sun kusa, kuma na daɗe ina tunanin ta inda zan fara. Duk ta inda na ɗauko, sai in ga na dawo kan wannan safiyar. Don haka ku yi haƙuri in fara da ita, ko da za a ga kamar na kauce daga tambayar.

Saboda waɗanda ba su taɓa aikin ofis ba, bari in yi bayanin littafin sa hannu. Babban littafi ne mai baƙin bango, ana ajiye shi kan tebur a baranda, kusa da ƙofar rajista, ɗakin da ake ajiye fayil-fayil. Kowace rana da shafinta. Daga sito yake zuwa da layukan kwance kawai, mu ne muke sa rula mu tsaga kowane shafi gida biyar: lamba, suna, mataki, lokacin isowa, sai sa hannu. Ƙarfe takwas daidai jami'in mulki zai fito da jan biro ya ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe. Wanda ya sa hannu a ƙasan layin ya makara, kuma in abin ya yawaita, sai a ba shi takardar tuhuma, wadda muke kira kweri, a saka kwafi a fayil ɗinsa. Shafukan suna da lamba. Ba a yagewa, ba a gogewa, kuma sito ba ya ba da sabo sai an kai tsohon a cike. Ni ne mai riƙe da jan biron nan a ofishinmu na nan Minna tsawon shekaru, kuma a lokacin da nake magana ina mataki na goma sha biyu, ina sa ran ƙarin girma a shekarar. Fayil ɗina babu ko ɗigon laifi. Na faɗi wannan ba don yabon kai ba, sai don a san irin mutumin da nake: mai kulle ofis ya kai bakin titi ya dawo ya sake taɓa kwaɗon.

Baba Yohanna shi ne babban akawunmu. Mutumin Chanchaga ne, daga gidan manoman doya na Gbagyi, shi kaɗai a cikin 'yan'uwansa ya bi hanyar ofis. Lokacin da na zo da digirina aka ɗora ni sama da shi, shi ya koya mini yadda ake buɗe fayil, da yadda ake rubuta wa na gaba bayani a gajarce, da inda ake sa hannu da inda ba a sawa. A gaban mutane yakan kira ni Oga Isiyaku, in mu biyu ne kuma ya ce ɗana, da irin Hausarsa ta wanda ya koya a kasuwa da ofis. Kullum shi ne lamba ɗaya a littafi, ƙarfe bakwai da minti goma. In aka tashi da ruwa sai ya zama bakwai da ashirin da biyar, domin yakan fake a rumfar wani mai shayi har ruwan ya sassauta. Ndagi masinja, wanda ke buɗe ofis ya fito da littafin tun ƙarfe bakwai, yakan bar masa layin farko ya sa hannu a na biyu, don girmamawa.

Da shekarunsa talatin da biyar na aiki suka cika muka yi masa walima, muka haɗa kuɗi muka saya masa agogon bango. Ranar Litinin mai zuwa sai ga shi da kwat ɗinsa, takalmi yana sheƙi. Muka zaci takardun fansho ya biyo. Ya sa hannu a lamba ɗaya, a gidan mataki ya rubuta "mai ritaya", ya koma bencin da ke ƙarƙashin mangwaro ya zauna har na ja layi. Wajen ƙarfe goma ya yi sallama ya tafi. Talata ma haka. Aka yi wata, aka yi shekara, aka shiga ta uku. Matasa suna yi masa ba'a, suna cewa Baba gwamnati ta sake shi amma shi ya ƙi sakin gwamnati, shi kuma ya ce musu ai ko a ritaya ya riga su zuwa aiki, su ji kunya.

Sau ɗaya na taɓa tambayarsa dalili. Matarsa ta rasu, 'ya'yan maza suna Abuja da Kaduna, 'yarsa Rifkatu da suke gida ɗaya ma'aikaciyar jinya ce, wani lokaci ta kwana biyu ba su haɗu ba. Gwiwa ta hana shi gona. Ya ce agogon da muka ba shi ya rataye shi a falo, kuma bai taɓa sanin agogo yana da ƙara haka ba sai da ya zauna shi kaɗai da shi.

"Dana, a gida Litinin da Alhamis duk fuska daya ne," in ji shi. "Rana ya yi tsawo, ba ya karewa. Amma in na sa hannu a nan, an san na kwana lafiya. In ban zo ba, akwai wanda zai ga wurin ba kowa."

Na yi dariya na ce Allah ya ƙara lafiya. A gaskiya ban fahimce shi ba. A raina ina cewa ni in na samu hutu irin nasa, ko ta titin ofis ba zan bi ba.

A farkon daminar wata shekara aka kawo mana sabuwar darakta, Hajiya Asabe. Mace ce mai gaskiya da tsari, ba na son kowa ya ɗauka muguwa ce a labarin nan. Ta kira ni ofishinta ta ce an sanar da ita kwamitin tantance ma'aikata zai zagayo, masu neman sunayen bogi, kuma abu na farko da za su buɗe shi ne littafin sa hannu. Ta tambaye ni me zan ce musu in suka ga sunan wanda ba ya cikin jerin ma'aikata yana lamba ɗaya kullum. Na ce ranki ya daɗe, ai an rubuta mai ritaya a gefe. Ta ce wannan a wurinmu ne yake da ma'ana. Ta ce yana iya zuwa ya zauna a benci in yana so, amma littafin gwamnati ba na baƙi ba ne, in faɗa masa cikin mutunci.

Mako biyu ina ɗaga maganar. Kullum in fito da niyya, in gan shi yana rufe bironsa yana mayarwa aljihun kwat, sai in ce gobe. A mako na biyu muka karɓi sabon littafi daga sito, na tsaga shafukan kwana biyar kacal. Ranar Juma'a Hajiya ta sake tuna mini, wannan karon ba da murmushi ba. Na je na same shi a benci, na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa ba ni ba ne, daga sama ne, wataƙila na ɗan lokaci ne, har ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa.

"Doka ne," ya ce. "Ni na koya maka. Kada ka damu."

Na ce yana iya ci gaba da zuwa ya zauna. Ya dubi bencin, ya dubi teburin littafin. Can sai ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce ya ga ban tsaga sauran shafukan ba, kuma layina kullum yana karkacewa a gidan lokaci, in bar shi ya tsaga mini su a karo na ƙarshe. Tun da can, in mun tafi masallacin Juma'a, Kiristocinmu ne ke tsare ofis, mu kuma mu riƙe musu lokacin Kirsimeti, kuma Baba Yohanna ne ya fi kowa yin wannan zaman. Ban ga laifin hakan ba. Na ba shi rula na tafi masallaci. Da na dawo wajen ƙarfe uku ya tafi, littafin a rufe, rula a kansa a daidaice. Ban buɗe ba. Ndagi ya ɗauka ya kulle.

Ranar Litinin na iso bakwai da rabi. Gari a lumshe, hadari ya taso ta gabas amma bai zubo ba. Na je teburin don in rubuta kwanan wata a saman shafi, sai na ga lamba ɗaya: Yohanna, mai ritaya, bakwai da minti goma, da sa hannunsa mai doguwar jela. Ndagi a na biyu, wasu mutum huɗu a ƙasa. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce wato tsohon nan ya ce doka ce amma ya dawo ya sa ni a matsala. Na juya wajen benci, ba kowa, sai ganyen mangwaro da iska ta zubo a kai. Na tambayi Ndagi, ya ce shi bai gan shi ba, ya ajiye littafin ya tafi ɗebo ruwan shara, da ya dawo ya buɗe ya tarar da sunan, sai ya ɗauka Baba ya zagaya ne. Muka leƙa bayan ofis, muka leƙa wajen mai gadi. Mai gadi ya ce ba wanda ya shigo da kwat. Ƙarfe takwas ya yi, na ja layina.

Tara da wani abu sai ga wata mata da baƙin ɗankwali tana tambayar Oga Isiyaku. Rifkatu ce. Ta ce Baba ya rasu ranar Asabar da safe. Ta dawo daga aiki ta same shi a kujerar ƙofar gida, ya yi wanka ya sa kwat da takalmi kamar mai jiran abin hawa, hannunsa a kan gwiwa. Likita ya ce zuciya ce. Ta ce ta zo ne da kanta saboda ta san nan ne za a fara neman sa. Na tambaye ta ko ya yi wani ƙorafi ranar Juma'a. Ta ce a'a, ya ma ci abinci sosai, abin da ya ce mata kawai shi ne yau an sallame shi daga aiki, ita kuma ta yi dariya ta ce Baba ai an sallame ka tun shekara biyu.

Ban ce maganata ce ta kashe shi ba. Mutum ne mai shekaru, kuma kowa da ranarsa. Amma ban iya cewa ba ta da hannu ba, kuma har yau ban iya ba.

Da ta tafi na koma kan littafin. Ndagi yana tsaye a bayana yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Na kama gefen shafin na juya. Shafin Talata a tsage tsaf, ba kwanan wata, ba kowa a ciki, sai lamba ɗaya: Yohanna, mai ritaya, da lokaci, da sa hannu. Na sake juyawa, haka. Na yi ta juyawa har bangon ƙarshe, shafukan kusan wata uku, kowanne da shi a sama yana jiranmu. Ashe abin da ya zauna ya yi ke nan muna masallaci. Bayanin a fili yake, babu aljani a ciki, kuma na faɗa wa Ndagi haka. Amma duk da haka na rufe littafin da sauri.

Hajiya Asabe ta yi jimami da gaske, ta ba da motar ofis muka je jana'iza a Chanchaga. Kwana uku bayan mun dawo ta ce in ɗauki jan biro in soke sunan a kowane shafi, in sa hannuna a gefe, shi ke nan an bi ƙa'ida. Na ce to. Na shiga ofishina da littafin na rufe ƙofa, na ɗora rula a kan sunan. A nan na tsaya. A rajista, kuma shi ne ya koya mini tun makon farko, jan layi a ƙarƙashin suna ake jan sa. A kan suna ba a ja sai ga wanda aka kora daga aiki da laifi. Wanda ya rasu ana rubuta masa "ya rasu" a gefe, wanda ya yi ritaya a rubuta "ya yi ritaya". Ban sani ba ko a rubuce wannan take a wata doka, na nema daga baya ban samu ba, amma haka muka gada, kuma duk wani tsohon akawu da zai buɗe littafin haka zai karanta shi. Ke nan in kori Baba Yohanna sau sittin da wani abu, da hannuna, kwana uku da binne shi.

Na san abin da zai biyo baya in ban soke ba. Na zauna na fi awa ɗaya ina auna fayil ɗina da ƙarin girman da nake jira. A ƙarshe na rubuta bayani na shafi guda, wane ne shi, yaushe ya yi ritaya, yadda aka yi sunan ya shiga, na manna a cikin bangon littafin. Da Hajiya ta tambaya na ce mata na yi abin da ya dace. Ba ƙarya ba ce kai tsaye, amma ba ita ce gaskiyar da ta tambaya ba. Ita kuma littafin manyan jami'ai daban ne, ba ta bi ta kan namu.

Haka muka ci gaba. Kullum in zo in rubuta kwanan wata a saman shafin da mamaci ya riga kowa sa hannu. Hayaniyar baranda ta ragu. Masu ba'a suka daina, wasu matan suka koma sa hannu ba tare da sun kalli saman shafin ba. Bencin kuwa ba wanda ya ƙara zama a kai, ko masu jiran fayil sai su tsaya a tsaye, alhali ba wanda ya gaya musu komai.

Akwai abu ɗaya da nake jinkirin faɗa, domin ni mutum ne da ya yi karatu, kuma ba na son a ce tsufa ya fara taɓa ni. Ranar Laraba ta mako na biyu aka tashi da ruwa tun asuba. Na iso a jiƙe, Ndagi ya tare ni bai ko gaishe ni ba, ya ɗora yatsa a gidan lokaci. Bakwai da ashirin da biyar. Na duba jiya da shekaranjiya, bakwai da goma. Na duba gaba, na ga nan da can ya rubuta ashirin da biyar, ba bisa wani tsari da na gane ba. Na ce wa Ndagi damina ce, kowace safiya ana iya ruwa, kuma mutumin da ya shekara talatin da biyar yana zuwa aiki ya san ba kullum ake isowa da wuri ba, shi ya sa ya gauraya don kada ya rubuta abin da bai yi kama da gaskiya ba. Har yanzu wannan bayanin nake riƙe da shi. Sai dai ya sake faruwa, ya kuma sake. Ndagi ya koma leƙa shafin gobe kafin ya tashi, wai don ya san ko zai zo da lema. Na hana shi, ya ce Oga ai Baba bai taɓa ba mu labarin ƙarya ba yana raye.

Wata safiya shafin ya ce ashirin da biyar, rana kuwa ta fito fes. Ban taɓa jin daɗin ganin rana irin na ranar ba. Na kira Ndagi na nuna masa. Muna nan tsaye sai ga wata mai buga takardunmu da ke zaune Chanchaga ta sauka daga kabu-kabu, zaninta a jiƙe, tana ba da haƙurin makara, wai ta can wajensu ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya. Ni da Ndagi ba mu kalli juna ba. Akwai kuma ranakun da aka yi ruwa shafin ya ce bakwai da goma, wannan ma dole in faɗa don adalci. Ban ƙirga ba. Da gangan na ƙi ƙirgawa.

Kwamitin ya zo a wata na biyu. Shugabansu ya buɗe littafin, ya ga sunan, ya juya zuwa shafukan da ba a kai ba, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya karanta bayanina har ƙarshe. Ya ce ya yarda babu cuta a ciki, amma an bar wanda ba ma'aikaci ba ya rubuta a littafin gwamnati, kuma an ba da umarnin gyarawa ba a bi ba. Aka ba ni kweri, na amsa, aka saka mini takardar gargaɗi a fayil. Ita kaɗai ce a ciki har na bar aiki, kuma ƙarin girmana ya yi jinkirin shekara guda. Hajiya ta tambaye ni me ya sa ban gaya mata dalilina tun farko ba. Na ce na ji tsoron ta ce dalilin ba dalili ba ne. Sai ta ce a bar littafin yadda yake har ya cika.

Ya cika a ƙarshen damina. Ranar da aka fito da sabo, Ndagi ya tsallake layin farko ya sa hannu a na biyu. Wanda ya biyo shi ya sa a na uku. Ban ce a yi ba, ban kuma ce a bari ba.

To, yanzu ga amsar tambayarku. Shekara biyu ke nan da na ajiye aiki. Makon farko daɗi ne, mutum ya dawo daga sallar asuba ya koma ya kwanta. Daga nan sai abin ya fara sauya kama. Unguwarmu a Sabon Gari, da na sani cike da hayaniya, ashe tana da wata fuska da ban taɓa gani ba. Ƙarfe takwas ƙofofi sun rufe, babura sun tafi, sai layin ya yi tsit. Sai ka fara jin abubuwan da suke nan shekara da shekaru ba ka sani ba: kukan firji, ɗigar famfon bayan gida, injin markaɗen maƙwabta da ke tashi ya mutu. Maiɗakina Binta tana da tsarinta na yini wanda ta gina babu ni a ciki. In na zauna a falo tana son share wurin, in na koma tsakar gida nan take shanya. Ba ta taɓa cewa na tare mata hanya ba, sai dai ta ce, "Malam, ɗan matsa kaɗan." Waya da a da ba ta barina in ci abinci, sai ta yini ba ta yi ƙara ba, har in duba ko ta mutu. Wanda ka haɗu da shi ya ce ya hutawa, ka ce alhamdu lillahi. Ranaku suka narke cikin juna, Juma'a kaɗai nake ganewa ba tare da na tambaya ba. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfe takwas. Ko ban kalli agogo ba, sai in ji hannuna na dama ya tafi aljihun gaba yana laluben biro.

Wata safiya cikin daminar bara na yi wanka na sa kaya, na ce wa Binta zan je sayen burodi. Ina tsammanin da gaske nake a lokacin. Ban tuna na tsayar da keke ba, ban tuna na faɗi inda za a kai ni ba, ko da yake dole na faɗa. Na dai tsinci kaina a cikin harabar ofis. Mangwaron yana nan, bencin yana nan, teburin yana inda yake. Ndagi ya riga ni ritaya ya koma garinsu. Wata matashiyar jami'a da ban sani ba tana rubuta kwanan wata, jan biro a maƙale a littafin. Mai gadi ya gaya mata ko ni wane ne, ta gaishe ni da ladabi. Na kalli shafin. Mutum biyu sun sa hannu, a na biyu da na uku. Na tambaye ta me ya sa aka tsallake na farko. Ta ce ita ma haka ta tarar, wai layin Baba ake ce masa, amma ba ta san wane Baba ba. Sai ta yi murmushi ta miƙo mini biro.

"Baba, ko kai za ka sa mana hannu yau? Ai wurin ba kowa."

Ban san lokacin da na zama Baba ba. Na kalli agogon hannuna, bakwai da minti goma. Na karɓi biron, wannan ma ba zan ɓoye ba, kuma na ji wani irin daɗi da na kwana biyu ban ji ba, kamar wanda ya daɗe a tsaye aka kawo masa kujera. Na san in na rubuta sunana yau, gobe ma zan zo. Na tsaya har ta fara kallona da mamaki. Sannan na mayar mata na ce, "A'a, 'yata. Na yi ritaya." Ina jin ranar ce karo na farko da na faɗi haka da bakina na kuma ji shi.

Ban koma gida kai tsaye ba. Na tuna wani tsohon direbanmu, Malam Buba, da ke zaune bayan layinmu, wanda na shekara ina cewa zan leƙa. Na same shi a ƙofar gida da hula da takalmi, zaune shi kaɗai yana kallon titi. Tun daga ranar kullum nakan biya masa bayan karin kumallo, mu taka a hankali mu biya wa wata tsohuwar malamar makaranta, Madam Saratu, mu gaisa ta ba mu labarin ciwon ƙafarta mu ba ta namu. Ba mu da littafi. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, takwas da kwata Malam Buba yana buga mini ƙofa da sandarsa yana cewa Oga ka makara, a kawo jan biro.

Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne na yi shekaru ina jan layin nan ina zaton aikinsa kama masu makara ne. Wannan ma aikinsa ne. Amma ga mutane da yawa, shi ne wuri ɗaya tak a duniya da ake lura in ba su zo ba, kuma ranar walima muna karɓe shi mu ba su agogo. Ban ce ku karya doka ba, Hajiya Asabe ita ke da gaskiya a kan littafin. Na dai ce kafin ku gaya wa mutum kada ya ƙara sa hannu, ku tambaya ko akwai inda ake jiran sa gobe da safe. Ni ban tambaya ba. Ku kuma da kuka kusa, ku nemi naku wurin tun jan biron yana hannunku.

Layin farko kuwa, ku da kuke ofishin yanzu kun san na wane ne. Ban ce ku ci gaba da barin sa ba, ban kuma ce ku cike shi ba. Ni dai har yau, in aka tashi da ruwa, ba na fita wajen Malam Buba sai bakwai da ashirin da biyar ta wuce.